Yadda ake tsara ƙa'idar shiga sabar daga nesa: amsar tambaya

Wani bawan Allah mai kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfani ya aiko da tambaya, inda ya ce ya kafa VPN, wato hanyar haɗi mai kariya da ke bi ta intanet, a kan Windows Server domin ma'aikata su riƙa shiga netwok ɗin ofis daga gida ko a halin tafiya, amma lamarin ya ƙi daidaita. Wasu daga cikin waɗanda ya ba izini ana mayar da su, wasu kuma da bai taɓa saka sunansu a rukunin da ya ƙirƙira ba suna shiga salin-alin. Yana neman a bayyana masa yadda ake tsara ƙa'idar shiga daga nesa tun daga tushe, da kuma abin da ke haddasa wannan saɓani.

Malam, abin da ka bayyana sanannen ciwo ne, kuma kusan kullum tushensa biyu ne: jerin ƙa'idojin da ke kan sabar, da kuma izinin da aka rubuta a jikin asusun kowane ma'aikaci. Kafin mu kai can, ya kamata ka rarrabe sassa uku da ke aiki tare a duk lokacin da wani ya nemi shigowa daga waje, domin yawancin ruɗanin yana zuwa ne daga ɗaukarsu abu guda. Sashe na farko shi ne wanda ke karɓar haɗin kansa, wato RRAS a Windows Server, ko kuma na'urar katangar tsaro da ke iya yin aikin VPN. Na biyu shi ne wanda ke yanke hukunci ko a bari ko a hana, wato NPS, wanda ya maye gurbin tsohuwar manhajar wannan aiki mai suna IAS tun daga Windows Server 2008. A lokacin ne ma aka daina kiran waɗannan ƙa'idoji da sunan ƙa'idojin shiga daga nesa, aka koma kiransu ƙa'idojin netwok, kodayake aikinsu bai canza sosai ba. Na uku shi ne Active Directory, inda asusun mutane da rukunoninsu suke. Na farko yana tambayar na biyu ta hanyar tsarin RADIUS, wanda ke amfani da ƙofar UDP mai lamba 1812 wajen tantancewa da 1813 wajen ajiye lissafi, sannan na biyu ya tambayi na uku. Tsofaffin na'urori suna amfani da 1645 da 1646, kuma NPS tana sauraron dukkan huɗun idan ba a canza mata ba.

Shawarata ta farko ita ce kada ka buɗe kowane allo na sabar sai ka rubuta a takarda amsar tambayoyi kaɗan, kuma ka sa shugabannin kamfanin su amince da ita. Wane ne yake buƙatar shiga daga waje, kuma saboda wane aiki? Da wace na'ura zai shiga, kwamfutar kamfani ko tasa ta kashin kansa? A waɗanne lokuta? Idan ya shigo, waɗanne kwamfutoci da manhajoji ya halatta ya kai gare su? Wa ke amincewa da sabon mai shiga, kuma wa ke sanar da kai idan mutum ya bar aiki? Ina nanata wannan ne domin ƙa'idar da ke kan sabar fassarar waccan takarda ce kawai zuwa harshen na'ura. Idan babu takardar, mai kula da sabar ne zai riƙa yanke hukuncin da ba nasa ba, kuma ranar da wani babba ya buga waya yana neman a buɗe masa nan take, babu abin da zai dogara da shi wajen cewa a'a.

Daga takardar ne za ka fitar da rukunoni a Active Directory. A ƙaramin kamfani, uku sukan wadatar: rukunin ma'aikata na yau da kullum, rukunin masu kula da sabobi, da rukunin 'yan kwangila ko masu kawo manhaja da ke shiga lokaci-lokaci. Kada ka yi amfani da rukunin da ya ƙunshi dukkan masu asusu a kamfanin, domin a cikinsa akwai asusun manhajoji, da na gwaji, da tsofaffin da aka manta da su, kuma kowannensu zai zama hanyar shigowa daga intanet. Sannan ka yi wa sabar NPS rajista a Active Directory, abin da ke saka ta cikin rukunin RAS and IAS Servers ya kuma ba ta damar karanta izinin da ke jikin asusu. Idan aka tsallake wannan mataki, tantancewa takan faɗi ba tare da wani dalili da ake gani a fili ba.

Yanzu ga zuciyar lamarin. NPS tana da jerin ƙa'idoji, kowace da lambarta, kuma idan buƙatar shiga ta iso, tana karanta su ne daga sama zuwa ƙasa. Ƙa'idar farko da dukkan sharuɗɗanta suka dace da buƙatar ita ce ke yanke hukunci, kuma daga nan ba a sake duba sauran, ko da a ƙasa akwai wadda ta fi dacewa da mutumin. Abin ya yi kama da maigadin da aka miƙa wa takardar umarni aka ce ya yi aiki da layin farko da ya shafi baƙon da ke tsaye gabansa, kada ya ci gaba da karatu. Saboda haka idan ka sa ƙa'ida mai faɗi a sama, misali wadda sharaɗinta kawai shi ne haɗin ya zo ta VPN, duk ƙa'idojin da ka ɓata lokaci kana tsarawa a ƙarƙashinta ba za su taɓa yin aiki ba. Tsarin da ya dace shi ne mafi takamaimai a sama, mafi faɗi a ƙasa: ƙa'idar masu kula da sabobi a farko, ta 'yan kwangila a biye, ta sauran ma'aikata bayan nan. Wannan jeri yana da muhimmanci musamman ga mutumin da ke cikin rukuni biyu, domin ta sama ce za ta kama shi, don haka ka tabbata ita ce mai tsaurin da kake so ya hau kansa.

Kowace ƙa'ida tana da sassa uku, kuma bambancin biyun farko shi ne abin da ya fi ruɗa mutane. Sharuɗɗa su ne ke tantance ko ƙa'idar ta shafi wannan buƙata. Idan ba su dace ba, sai a wuce zuwa ƙa'ida ta gaba. Iyakoki kuwa ana duba su ne bayan sharuɗɗan sun riga sun dace, kuma idan buƙatar ta saɓa musu, ana ƙin ta nan take, ba a wucewa ko'ina. Sashe na uku saituna ne da ake ɗora wa haɗin bayan an amince da shi. Ɗauki misalin lokaci, wanda ake iya sa shi a matsayin sharaɗi ko a matsayin iyaka. Idan ka sa ƙarfe 7 na safe zuwa 7 na yamma a matsayin sharaɗi a ƙa'idar 'yan kwangila, ɗan kwangilar da ya zo da tsakar dare zai zarce zuwa ƙa'idar da ke ƙasa, kuma idan ya kasance yana cikin rukunin da ta ambata, zai shiga. Idan kuwa ka sa shi a matsayin iyaka, za a mayar da shi kai tsaye. A ganina duk abin da kake nufi da shi hani ne, wurinsa iyakoki, sharuɗɗa kuma a bar su ga aikin rarrabe mutane da hanyoyin shiga.

Akwai kuma wani ƙaramin abu game da sharuɗɗa da ke iya zama dalilin da ya sa ake mayar da waɗanda ka ba izini. Idan ka saka rukuni biyu a cikin sharaɗi guda, ma'anarsa mutum ya kasance a ɗaya daga cikinsu. Idan ka saka su a matsayin sharuɗɗa biyu daban-daban a ƙa'ida guda, ma'anarsa dole ya kasance a cikin duka biyun. Mutane da yawa sukan ƙara sharaɗi na biyu da niyyar faɗaɗa ƙofa, sai ya zama sun ƙuntata ta har babu wanda ke iya wucewa. Bayan sharaɗin rukuni, ka ƙara sharaɗin nau'in ƙofar shiga ka zaɓi na VPN. Amfaninsa shi ne idan gobe aka yi amfani da wannan NPS ɗin wajen tantance masu shiga Wi-Fi na ofis, ƙa'idojin ba za su cakuɗe ba, kuma izinin Wi-Fi ba zai rikiɗe ya zama izinin shigowa daga waje ba.

Sai batun waɗanda ke shiga ba tare da suna cikin rukunin ba, kuma kusan ina da tabbacin inda matsalar take. A jikin asusun kowane mutum a Active Directory akwai shafi mai suna Dial-in, wanda ke da zaɓi uku: a ba da izini, a hana, ko a bar wa ƙa'idar NPS ta yanke hukunci. Idan an zaɓi ba da izini a jikin asusun, wannan zaɓin yana rinjayar hanin da ke cikin ƙa'ida, matuƙar ba a umarci ƙa'idar ta yi watsi da saitunan asusu ba. NPS tana zuwa da ƙa'idoji biyu na asali a can ƙasan jeri, dukkansu na hani ne, ɗaya ta shafi haɗin da ya zo ta RRAS, ɗayar kuma sharaɗinta lokaci ne da ya haɗa kowace sa'a ta mako, wato tana kama duk abin da ya iso gare ta. Mutumin da ba ya cikin rukuninka zai wuce ƙa'idarka ya faɗa kan ta asali, wadda ya kamata ta hana shi, amma izinin da ke jikin asusunsa ya buɗe masa. Wannan yakan faru ne saboda a baya wani ya riƙa buɗe wa mutane ɗaya bayan ɗaya ta wannan shafi, domin ita ce hanya mafi sauri. Gyaran matakai biyu ne. Ka binciko duk asusun da aka cika wa sifar msNPAllowDialin, wanda PowerShell, wato manhajar rubuta umarni ta Windows, ke iya yi cikin layi guda, ka mayar da su kan zaɓi na uku. Sannan a kowace ƙa'ida, har da na hani da ke ƙasa, ka kunna zaɓin yin watsi da saitunan asusu, domin hukunci ya kasance a wuri guda da za ka iya karantawa. Ka dai lura cewa wannan zaɓin yana watsar da sauran abubuwan da ke wannan shafi ma, kamar adireshin IP na dindindin da aka ware wa wani mutum, don haka ka duba ko akwai wanda ya dogara da su.

Kada ka goge ƙa'idojin hani na ƙasa. Gaskiya ne buƙatar da ba ta dace da kowace ƙa'ida ba ana ƙin ta, amma barin hani a bayyane a ƙarshen jeri yana sa duk wanda ya gaje ka ya fahimci nufin tsarin da kallo ɗaya.

Daga nan sai hanyar tantancewa, wadda ke cikin iyakoki, kuma a nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. PAP tana aika kalmar sirri ba tare da kariyar kirki ba, CHAP kuma tana buƙatar a ajiye kalmomin sirri ta yadda za a iya warware su, don haka ka kashe su duka. MS-CHAPv2 ita ce wadda aka fi samu a kunne, kuma tun 2012 aka nuna a fili cewa ƙarfinta gaba ɗaya ya tsaya ne a kan mabuɗi guda mai bit 56 na tsohon tsarin ɓoye bayanai mai suna DES, wanda na'ura ta musamman ke iya fasawa cikin ɗan lokaci. Idan dole ne a yi amfani da kalmar sirri, a naɗe ta cikin PEAP, wadda ke fara buɗe ɓoyayyiyar hanya ta TLS da satifiket ɗin sabar, wato shaidar lantarki da ke tabbatar da ko wace ce ita, kafin a aika komai, tare da tilasta wa kwamfutocin ma'aikata su tabbatar da wannan satifiket. In ba haka ba sabar bogi za ta iya karɓar bayanansu. Mafi inganci ita ce EAP-TLS, inda kowane mai shiga ke gabatar da satifiket nasa. Tana buƙatar ka kafa hukumar ba da satifiket a cikin kamfanin, ka kuma sa a riƙa rarraba su kai tsaye ta Group Policy, wato tsarin Windows na aika saituna ga kwamfutocin kamfani, kuma wannan aiki ne na gaske. Amma ribarsa ita ce kalmar sirrin da aka sace ta hanyar saƙon yaudara ba za ta buɗe komai ba, kuma idan aka hana fitar da mabuɗin daga na'ura, ko aka ajiye shi a cikin TPM, wato ɗan guntun tsaro da ke jikin kwamfuta, ka warware batun shiga da kwamfutar gida ba tare da wata dabara ta daban ba. Ga masu kula da sabobi dai ban ga uzurin barin su a kan kalmar sirri kaɗai ba.

Idan ba za ka iya kaiwa ga satifiket yanzu ba, to ka ƙara tantancewa ta biyu, wato sanarwa a waya ko lamba mai canzawa. Microsoft tana da ƙarin manhaja da ake ɗora wa NPS domin haɗa ta da Entra, wato hidimarta ta kula da asusu a intanet, akwai kuma na wasu kamfanoni da ke tsayawa tsakanin sabar VPN da NPS. Abin lura shi ne lokacin jiran amsa: na'urar VPN takan jira sakan kaɗan ne kafin ta ɗauka RADIUS bai amsa ba, alhali mutum yana buƙatar lokacin ɗauko waya ya amince, don haka a ƙara shi zuwa kamar sakan 60. Wanda ke ganin wannan wahala ce ya tuna abin da ya sami kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka a watan Mayun 2021, inda maharan suka shiga ta wani asusun VPN da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, wanda kuma babu tantancewa ta biyu a kansa, har aka dakatar da jigilar mai na kwanaki.

Nau'in VPN ɗin kansa ma abin dubawa ne, ko da yake a RRAS ake saita shi. PPTP, mai amfani da ƙofar TCP 1723 da tsarin GRE, ta tsufa kuma ta dogara da waccan MS-CHAPv2, saboda haka a rufe ta. A 2024 Microsoft ta sanar da cewa za ta janye PPTP da L2TP daga Windows Server, ta kuma shawarci a koma SSTP da IKEv2. IKEv2 tana amfani da UDP 500 da 4500, tana da sauri, kuma tana iya riƙe haɗi idan mutum ya sauya daga Wi-Fi zuwa datar waya. SSTP tana bi ta TCP 443, ƙofar da shafukan intanet masu kariya ke bi, shi ya sa takan wuce a otal ko filin jirgi inda aka toshe sauran. Hikima ita ce a kunna duka biyun, IKEv2 a matsayin ta farko, SSTP kuma ta ko-ta-kwana. Dukkansu suna buƙatar satifiket a kan sabar wanda sunan da ke jikinsa ya yi daidai da sunan da ma'aikata ke kira daga waje, kuma ga SSTP dole kwamfutar mai shiga ta iya kaiwa ga jerin satifiket ɗin da aka soke tun tana waje, kafin haɗin ya ƙullu. Ka rubuta ranar ƙarewar satifiket ɗin a inda za a tunatar da kai, domin ranar da ya ƙare kowa zai tsaya lokaci guda.

Tsakanin na'urar VPN da NPS akwai kalmar sirri ta haɗin gwiwa. Microsoft ta ba da shawarar kada ta gaza haruffa 22 da aka cakuɗa, kuma NPS tana iya ƙirƙiro maka ita. Kowace na'ura a ba ta tata daban. RADIUS tsohon tsari ne da ya dogara da MD5, wata tsohuwar dabarar lissafin kare bayanai, kuma a watan Yulin 2024 masu bincike suka bayyana harin da aka sa wa suna Blast-RADIUS, wanda ke bai wa wanda ya tsaya a tsakanin na'urorin biyu damar juya amsar hani ta koma amsar izini. Maganinsa shi ne sabunta sabar da na'urorin, da tilasta amfani da sifar Message-Authenticator mai tabbatar da cewa ba a taɓa saƙon a hanya ba, da kuma tabbatar da cewa zirga-zirgar RADIUS tana bi ta sashen netwok da ba kowa ke kaiwa gare shi ba. Hanyoyin EAP, irin su PEAP da EAP-TLS, sun riga sun wajabta wannan sifa, wanda ƙarin dalili ne na komawa gare su.

Sashen da aka fi yin sakaci da shi shi ne abin da ke biyo bayan shiga. Sau da yawa da zarar mutum ya haɗu, sai ya zama yana iya kaiwa ga kowace kwamfuta a kamfanin, har da sabar da ke riƙe da asusu da wadda ke ajiye kwafin bayanai, alhali abin da yake buƙata babban fayil guda ne da manhajar lissafi. Ka ware wa masu shigowa ta VPN jerin adireshin IP nasu na daban, kada su ɗiba daga na cikin ofis, domin katangar tsaro ta iya gane su ta kuma iyakance su. A cikin saitunan ƙa'ida akwai matatar IP da RRAS ke aiwatarwa, inda za ka ce ɗan kwangila ba zai kai ko'ina ba sai sabar guda a ƙofa guda. Idan kuma na'urar wani kamfani ce ke yin VPN ɗin, NPS tana iya aika mata da sifa kamar Filter-Id ko Class domin ta saka mutumin a rukunin da ya dace. Ka sa iyakar zaman banza, misali minti 30, da iyakar tsawon zama gaba ɗaya, misali sa'a 10, domin kada haɗi ya kwana a buɗe, kuma domin wanda aka cire daga rukuni ya fita idan lokacin ya cika. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ana duba ƙa'ida ne a lokacin ƙulla haɗi, kuma cire mutum daga rukuni ba ya katse haɗin da ya riga ya ƙullu. Idan korar gaggawa ce, sai ka katse shi da hannunka a RRAS.

Wani abu da ba na tsaro ba amma yana yawan jawo ƙorafi shi ne karon adireshi. Idan netwok ɗin ofis yana amfani da 192.168.0.0 ko 192.168.1.0, waɗanda yawancin na'urorin intanet na gida ke zuwa da su, ma'aikaci zai haɗu lafiya amma ya kasa kaiwa ga komai, domin kwamfutarsa tana ɗaukar sabar ofis tana cikin gidansa. Ƙa'ida ba ta da laifi a nan, kuma gyaran dindindin shi ne sauya jerin adireshin ofis. Sannan sai ka yanke shawara ko dukkan zirga-zirgar intanet ta mai shiga za ta bi ta ofis, ko kuwa abin da ya shafi ofis kaɗai. Na farko yana ba ka ikon sa ido da tacewa amma yana cin layin intanet ɗin ofis, na biyu yana sauƙaƙa nauyi amma yana barin kwamfutar tana hulɗa da waje kai tsaye a lokacin da take haɗe da cikin gida. Ga masu kula da sabobi na fi son na farko.

Idan ka gama, kada ka tsaya a gwada wanda ya kamata ya shiga. Ka gwada da asusun da ba ya cikin kowane rukuni, da wanda ke cikin rukuni biyu, da ɗan kwangila a wajen lokacinsa, kuma ka yi gwajin daga wajen ofis. Bayan kowane gwaji ka buɗe kundin tsaro na Windows a kan sabar NPS. Aukuwa mai lamba 6272 tana nufin an ba da izini, 6273 kuma an hana, kuma kowace tana ɗauke da sunan ƙa'idar da ta yanke hukuncin, wanda shi ne layin farko da ya kamata ka karanta. A cikin 6273 akwai lambar dalili: 16 tana nufin suna ko kalmar sirri ba daidai ba ne, 48 babu ƙa'idar netwok da ta dace, 49 babu ƙa'idar karɓar buƙata da ta dace (wani jeri ne daban da NPS ke dubawa kafin ƙa'idojin netwok), 65 izinin shiga ne aka hana, 66 kuma hanyar tantancewar da mutumin ya zo da ita ba a kunna ta a ƙa'idar da ta kama shi ba. Ga ma'aikatanka da ake mayarwa, idan ka ga sunan ƙa'idar asali a cikin aukuwar, to sharuɗɗan ƙa'idarka ne ba su dace da su ba, idan kuma ka ga sunan taka tare da 66, to saitin VPN ɗin da ke kwamfutarsu ne ya saɓa da iyakar da ka sa. Idan babu wata aukuwa ko kaɗan, ko dai buƙatar ba ta iso ba, sai ka duba katangar tsaro da adireshin na'urar VPN da ka yi wa rajista a NPS, ko kuma ba a kunna rubuta waɗannan aukuwa ba, wanda ake dubawa da umarnin auditpol.

Da zarar ka buɗe VPN ga intanet, masu gwada kalmomin sirri barkatai za su same ta. Haɗarin a nan har da kulle asusun ma'aikata na gaske, domin yawan gwaji daga waje zai iya cika adadin da Active Directory ke kulle asusu a kansa, sai mutum ya wayi gari ya kasa shiga ko da a teburinsa na ofis. Windows tana da kulle na musamman ga shiga daga nesa, wanda ake kunnawa a Registry, wato ma'ajiyar saitunan Windows, na sabar da ke tantancewa ta ƙimar MaxDenials. Idan ka sa adadinsa ƙasa da na Active Directory, ƙofar waje ce kaɗai za ta rufe wa asusun. Lokacin buɗewarsa na asali minti 2880 ne, wato kwana biyu, kuma yawanci ana rage shi. A nan ne kuma zan ja kunnenka game da RDP, wato tsarin sarrafa allon kwamfuta daga nesa: kada ka buɗe ƙofarta mai lamba 3389 ga intanet da sunan sauƙaƙa wa wani. Ramin tsaron da aka sa wa suna BlueKeep a 2019 ya nuna cewa ana iya shiga ta nan ba tare da kalmar sirri ba a kan tsofaffin Windows. Wanda ke buƙatar RDP ya bi ta VPN, ko ta RD Gateway, sabar da ke tsayawa a matsayin mashigar RDP daga waje, wadda ita ma da NPS take yanke hukuncinta.

Game da inda za a ɗora kowane sashe, ba laifi NPS ta zauna a kan sabar da ke riƙe da Active Directory, har ma yakan ƙara saurin tantancewa, amma RRAS da ke fuskantar intanet dole ta zauna a sabar daban. Idan shiga daga nesa ya zama abin da aiki ya dogara da shi, ka kafa NPS ta biyu ka sanar da na'urar VPN duka biyun. Ka sani cewa ba sa daidaita ƙa'idojinsu da kansu, saboda haka duk canjin da ka yi a ɗaya sai ka fitar da saitunan da umarnin Export-NpsConfiguration ka shigar da su a ɗayar, sannan ka tabbata ta biyun tana da nata satifiket idan kana amfani da PEAP ko EAP-TLS. Fayil ɗin da wannan umarni ke fitarwa yana ɗauke da kalmomin sirrin RADIUS a fili ba tare da an ɓoye su ba, don haka kada a aika shi ta imel ko a bar shi a babban fayil ɗin da kowa ke shiga. A ajiye kwafi guda a wuri mai kariya, a goge sauran bayan an gama shigarwa.